Ɗalibi Da Malamin Kalkulas

Duk wanda ya nufi karatun injiniya ko kimiyya a jami'a, tilas ne ya ratsa ta wani fannin lissafi da ake kira kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa suke canzawa. A nan ne da yawa suke tuntuɓe.

Wani saurayi a wata jami'ar Arewa ya faɗi jarrabawar wannan fanni a zangon farko. Mahaifinsa manomi ne, ya sayar da masarar da ya ajiye don a ɗaukar masa malami na musamman, wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa. Saurayin ya je da tarin tambayoyin jarrabawar shekarun baya, yana so a warware masa ya haddace. Dattijon ya ture takardun gefe, ya ba shi alli da allo, ya zauna yana duban hannunsa. Kafin a kira la'asar ya gano ciwon: aljabarar sakandare ce ba ta zauna ba. Mako uku suka yi a kanta, saurayin yana ƙunci, yana ganin kuɗin masara na tafiya a banza.

Sa'an nan aka shiga kalkulas, ta hanyar mota. Dattijon ya ce, "Daga Zariya zuwa Kaduna kimanin kilomita 80 ne. In direba ya yi sa'a guda, gudunsa nawa ne?" Ya ce 80. "To, a daidai ƙiftawar idon da ya wuce Jaji fa?" Saurayin ya yi shiru, domin a ƙiftawa guda mota ba ta ci wata tafiya da za a auna ba, ga shi kuwa allurar gaban direba tana nuna wani adadi.

Aka sa shi ya ninka 3 da kanta, ya sami 9. Ya ninka 3.1, ya sami 9.61. Ya raba bambancin da tazarar, 6.1 ta fito. Da ya gwada 3.01 sai ga 6.01. Ya ɗago kai ya ce, "Malam, 6 take nufa, amma ba ta isa ba." Dattijon ya ce, "Madalla, yaro. Inda take nufa ɗin nan shi ne amsar, kada abin ya dame ka." Ya ƙara masa da cewa Niyuton na Ingila da Laibniz na Jamus, wanda ya buga nasa a 1684, sun yi aiki da wannan dabara ba su gamsar da kowa a kan tushenta ba, sai da Koshi na Faransa ya gyara mata zama a 1821.

Lalle malami na musamman yana da hatsarinsa. Ɗalibi yakan saba da mai tare shi kafin ya faɗa rami, zauren jarrabawa kuwa babu mai tarewa. Dattijon ya san haka. A watan ƙarshe sai ya daina magana, ya ajiye agogo a kan tabarma, ya bar saurayin ya ɓata shafi guda a kan alamar ɗebewa da ya manta tun layi na biyu, har ya komo ya gano ta da kansa. Kuɗin wannan watan ma bai rage ko kwabo ba.