Baƙin rogon Beljiyam

Macen da ta bi mijinta fatauci, tukunya ce ke fara gaya mata ta bar gida. Yare ana koyonsa a hankali, sanyi akwai riga, amma cefane kullum ne. Shekara 9 ke nan muna Burasel, babban birnin Beljiyam, inda maigidana ke sayen tsofaffin motoci yana turawa Kwatano ta tashar jiragen ruwa ta Antwerp. A shekarun farko, kusan duk abin da zan dafa sai ya tsallako teku: doyar Gana, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa. Tsada kuwa sai ka riƙe baki. Abin da ya fi damuna ma yara ne. Sun taso suna ganin kamar a kanti abinci ke tsira, alhali kakansu a Maraɗi bai taɓa yin damina ba hauya a kafaɗa ba.

Shi ya sa na nace har muka karɓi hayar ɗan fili a lambun unguwa. Maƙwabciyata a wurin wata tsohuwa ce 'yar ƙasar, Madam nake ce mata. Ita ta ba ni irin wata saiwa da masu Faransanci ke kira salsifi baƙi. A gidanmu baƙin rogo muke ce mata, don bawonta baƙi ne ƙirin, cikinta fari tas. Siririya ce kamar sanda, tsawonta kan kai santimita 30 ko fiye. Asalinta kudancin Turai ne, kuma mutanen dā sun ɗauke ta maganin saran maciji. Yau Beljiyam, Holan da Faransa ne kan gaba wajen nomanta.

Nomanta ba wuya, jira ne. Tana son ƙasa mai yashi da aka haƙa da zurfi aka tsince duwatsu, in ba haka ba saiwar ta karkace ko ta rabu biyu. Ana shuka a Afrilu ko farkon Mayu, zurfin santimita 2, in ta tsiro a rage ta a bar tazarar kamar santimita 10. Irin kuma sabo ake nema, don ba ya jure ajiya. Daga nan sai cire ciyawa da ban ruwa har Nuwamba. Ranar da na gaya wa maigida lissafin, dariya ya yi: “Hajiya, wata bakwai? Ni fa mota ta yi kwana 40 ban ga kuɗina ba, barci gagarata yake.” Na ce, “Alhaji, ai wannan ba ruwanta da kwastan.”

Abin da ya burge ni shi ne ƙanƙara ba ta kashe ta. Lokacin da lambu ya mutu, ita tana kwance a ƙasa, ka tono gwargwadon tukunyarka har watan Maris. Ƙasar ce rumbunta. Sai dai tono da lallami: ka haƙa rami a gefen layi ka zaro ta, don in ta karye wani farin ruwa kamar madara ke fita.

Wannan ruwan ne matsalar kicin. Danƙo ne da shi, yana ɓata hannu, har masu Holanci ke mata laƙabi da “baƙin cikin 'yar aiki”. Dabara biyu ce. Ko ki sa safar hannu ki fere, kina jefa kowane yanki nan take a ruwa mai lemun tsami kada ya yi duhu. Ko ki wanke ta ki dafa da bawonta kamar minti 20, ki tsoma a ruwan sanyi, bawon ya saluɓe. 'Yan ƙasar da farar miya ta madara, fulawa, man shanu da gyaɗar ƙamshi suke cin ta. Ni kam a farfesun rago nake sakawa, ko in soya da albasa da attaruhu, in barbaɗa ƙuli-ƙuli kamar rogon ƙofar makaranta. Tana da ɗan zaƙi da garɗi. Amma a fara da kaɗan, don tana sa kumburin ciki ga wanda bai saba ba.

'Yan'uwana na Kumasi, Duwala da Njamena, ba cewa nake ku nemi irinta ba. Shukar ƙasar sanyi ce. Cewa nake, kowane gari da nasa, kuma yaran da muka haifa a can nasu ne su ma. Ki leƙa tukunyar maƙwabciya, ki tambayi yadda ake yin kontomire ko ndole. Kuka da daddawa ba za su yi fushi ba.

Bana gwiwa ta hana Madam durƙuso, 'ya'yanta kuma na kwalba suke saye a kanti. Na bar tushe huɗu suka shiga shekara ta biyu, suka yi fure rawaya. Autana ne ya tattara irin a ambulan, ya rubuta sunan da Faransanci, a ƙasansa kuma ya ƙara: baƙin rogo.