Bijimin Aro da Abin da Ya Jawo Mana

Jama'ar Sabo, ga wani abu da ya same mu, mun ga bai kamata mu rufe ba.

Mu huɗu muka haɗa jari muka sayi karsana shida a kara, muka ba wani Bafulatani kiwo a bayan garin Ibadan. Bijimi ya yi mana tsada, sai muka ari na maƙwabcin ruga. Lafiyayye, ga doro, ga ƙiba. Aka yi barbara, muka zauna lissafin wata 9.

Shiru. Saniyar da ba ta ɗauka ba takan sake neman namiji bayan kamar kwana 21. Namu kuwa sai su yi wata biyu, mu ce an dace, sannan su dawo nema. Ɗaya ta yi ɓari. Wallahi har mun fara zargin makiyayin, Allah Ya yafe mana.

Da muka kira likitan dabbobi, bijimin ya fara nema. Ya ce akwai cututtuka biyu da barbara ke yaɗawa. Ƙwayarsu na zaune cikin fatar gaban bijimi, shi ba ya nuna alama, amma tana kashe ciki tun yana ƙarami. Ya wanko wurin ya kai ɗakin gwaji, ya ce idan ba a gani ba sai an maimaita har sau uku. Shanun kuma ya ɗebi jininsu saboda bakkale, wadda ke sa ɓarin tsohon ciki, tana kuma kama mutum ta ɗanyen nono da taɓa mahaifa. Bakkale ba ta fito ba, alhamdu lillahi. Bijimin ne.

Tsohon bijimi kan riƙe irin wannan cuta har mutuwarsa. Mai shi ya so ya kai shi kara shiru-shiru. Muka ce: "Malam, ɓoye aibin kaya haram ne, kuma garken wani za ka kashe." Da ƙyar ya yarda aka sayar wa mahauta.

Shanunmu an raba su da namiji wata huɗu, yanzu mun sayi ɗan bijimi da aka gwada. Mun yi asarar shekara guda.

Don Allah 'yan'uwa, kada a ari bijimi sai an gwada shi. Saniya ta yi ɓari, a sa safar hannu, a binne ɗan da mahaifar da zurfi. Nono kuma a tafasa kafin yara su sha. Allah Ya tsare mana dukiya.