Kwanakin Dashe a Bayan Gida

Asabar, 22 ga Yuni
Ruwa ya zauna a Zariya, ƙasa ta jiƙu. Bana na yi niyyar ba zan sayi ko itace ɗaya wurin masu sayar da fure na bakin titi ba, da hannuna zan raina. Na haɗa ƙasar gona kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen takin shanu kashi ɗaya. Yara suka tsinto mini ledojin fiya wata guda 30, muka huda gindinsu, muka cika.

Lahadi, 23 ga Yuni
Na je wurin dattijon da ke maƙwabtaka da mu roƙon reshen ceɗiya. Ya ce, "Ɗana, ai ceɗiya ba a roƙonta, ɗauko adda." Ya zaɓa mini reshe mai kaurin damtse, ya fi ni tsawo kaɗan, ya sa na sassabe ganyen duka. Ceɗiyar ƙofar gidansa ma, in ji shi, haka mahaifinsa ya kafa ta. Yau a inuwarta ake ɗaurin aure, a nan ake zaman makoki. Na haƙa rami kamu ɗaya, na barbaɗa toka saboda gara, na kafa reshen, na danne ƙasa da dunduniya.

Talata, 25 ga Yuni
Fulamboyan, itacen nan da ke yin jan fure kamar garwashi a ƙarshen bazara. Asalinsa daga tsibirin Madagaska. Ƙwayarsa tauri gare ta kamar tsakuwa, in aka shuka ta haka nan sai ta yi watanni a ƙasa shiru. Na fasa busassun kwasfa biyu, na goga gefen kowace ƙwaya a siminti har fari ya ɗan leƙo, na jiƙa su a ruwan ɗumi su kwana.

Laraba, 26 ga Yuni
Sun kumbura. Na shuka 12. Da yamma na yanko bogenbiliya guda 15, kowane yanki taƙi ɗaya, kaurin fensir, na soka a leda. Ƙayarta ta sha jinina. Furanjifani kuma na jingine rassansa uku a inuwa. Farin ruwan da yake zubarwa sai ya bushe, bakin yankan ya warke, kafin ya taɓa ƙasa.

Litinin, 1 ga Yuli
Kwana biyu ana tafka ruwa. Na tarar ledojin da ke ƙarƙashin indararo sun cika maƙil. Bogenbiliya shida sun yi baƙi daga gindi, bawon yana saɓulewa a hannu. Laifina ne, kuma abin ya tsaya mini a rai. Reshen da bai da saiwa ba ya iya shan ruwa mai yawa, danshi kawai yake so. Na kwashe sauran zuwa gindin mangwaro, na ɗora su kan bulo, na ƙara musu huda.

Alhamis, 4 ga Yuli
Fulamboyan bakwai sun tsago ƙasa. Na dasa furanjifani a tukwane masu yashi da yawa, ban ba su ruwa ba.

Laraba, 10 ga Yuli
Akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye tsiron fulamboyan biyu. Na kewaye wurin da ƙaya. Ba a yi cacar baki ba, mai akuyar da kanta ta zo ba da haƙuri.

Asabar, 20 ga Yuli
Ceɗiya ta yi toho a wuri biyar. Na ruga na gaya wa dattijo. Ya ce, "Kada ka yi gaggawa. Toho da abincin da ke cikin reshe yake fitowa, saiwa tana baya. Kada ka girgiza shi don ka gani." Na ce, "To, Baba." Wallahi da abin da nake shirin yi ke nan. Na daɗe ina ganin mun bar itatuwanmu na gida, ceɗiya da durumi, muna bin na waje, alhali su ne ba sa neman leda ko taki, reshe da rami kawai.

Lahadi, 11 ga Agusta
Na ɗaga ledar bogenbiliya, sai ga fararen saiwoyi sun leƙo ta huda. Bakwai sun kama cikin 15. Fulamboyan biyar suna nan, furanjifani biyu sun fitar da ganye. Gobe in Allah ya kai mu zan kai wa dattijo fulamboyan ɗaya, ya ce a bakin masallaci za a dasa shi.