Awa Huɗu

Kakan babana ya bar Kano a ƙafa bayan yaƙin Burmi na 1903, da niyyar Makka. Shekara bakwai yana noma a hanya yana ƙara gaba, har ya yada zango a Wad Haddad. Nan kabarinsa yake.

A 2019 aikin rediyo ya kai ni Kano. Daga Kartum kusan kilomita 2,600 ne, awa huɗu ba su cika ba muka sauka. Da na dawo, Kaka ta ce, "Ɗan nan, kwana nawa kuka yi a hanya?" Na faɗa mata. Ta yi shiru, can ta ce in kai ta ta ga Dala.

Na ce sai baɗi. A Afrilun 2023 yaƙi ya rufe filin jirgin Kartum. Har yanzu kullum sai ta tambaye ni.