Makonni Shida Ƙasa da Kafaɗa

Kwana uku da dawowata daga asibiti, na tsaya gaban madubi zan ɗaura ɗankwali, yadda na saba tun ina 'yar makaranta. Hannuna na hagu ya kama hanyar ƙeya kafin hankalina ya riske shi. Na ji fatar ƙirjina ta ja a wurin ɗinkin, na tuna gargaɗin likita, na saki hannun ya faɗo. Ranar a kan gado na yini, yatsuna a kan jijiyar wuyana, ina ƙirga bugun zuciya ina jiran jiri ya zo.

Dalilin aikin shi ne bugun zuciyata da ya riƙa sauka ƙasa da arba'in a minti, har na taɓa faɗuwa a ofis. Aka dasa mini na'urar daidaita bugun zuciya, wadda likitoci ke kira fesmeka. Ba ta wuce girman kan agogon hannu ba, tana kwance ƙarƙashin fata, ƙasa kaɗan da ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa. Galibi ana zaɓar ɓangaren hannun da mutum bai fi aiki da shi ba. Daga jikinta siraran wayoyi biyu suka bi ta jijiyar jini suka shiga ɓangaren dama na zuciya. A bakin kowace waya akwai ɗan murɗaɗɗen ƙusa, ko wasu 'yan ƙayoyi, da ke riƙe ta a naman zuciyar. A makonnin farko wannan riƙon ne kaɗai madogara, kafin jiki ya gina nama a kewaye ya ɗaure ta da kansa. Fizgar hannu sama da ƙarfi na iya jan wayar ta goce daga inda aka kafa ta.

Dokokin da aka sallame ni da su gajeru ne. Kada gwiwar hannun hagu ta wuce kafaɗa, kada in miƙa shi baya, kada in ɗauki abin da ya kai kilo biyar, har tsawon mako shida. Likitoci sun bambanta a kan wa'adin, wasu mako huɗu suke cewa, shi ya sa kowa ya kamata ya riƙe abin da nasa likitan ya faɗa masa.

Sai da aka hana ni na gane yawan lamuran gida da ke sama da kafaɗa: igiyar shanya, tukunyar da ke saman kanta, sakatar taga, sanya hijabi da cire shi. Wanda ya fi ci mini rai jikata ce 'yar shekara biyu, da kan rugo ta ɗaga hannuwa ta ce in ɗauke ta. Dole na koyi zama a kujera in jira uwarta ta ɗora mini ita a cinya. Ɗankwali kuwa autata ce ke ɗaura mini kowace safiya, ni da na koya mata ɗaurin.

Dare ya fi rana wuya. Da rana ina iya tsare hannuna, amma wa zai tsare shi idan barci ya ɗauke ni? Na shiga ɗaure shi a ƙuguna da gyale kafin in kwanta. A hankali ɗaurin dare ya zama na rana. Na daina amfani da hannun gaba ɗaya, ina yawo da shi manne a ciki kamar wadda ta karye, ina ganin yawan kiyayewa ba ya ɓata komai.

A mako na uku na koma asibiti. Aka ɗora wata na'ura a kan ƙirjina ta karanta aikin fesmekar, aka ce wayoyin suna nan daram, har da ranar ɗankwalin ba abin da ya goce. Amma da ma'aikaciyar jinya ta ce in ɗaga hannun zuwa daidai kafaɗa, na kasa kai rabin hanya saboda zafi. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, cewa muka yi kada ki wuce kafaɗa. Wa ya ce ki ɗaure shi?" Ta bayyana mini cewa kafaɗar da aka hana motsi tana sandarewa, kuma warware ta na iya cin watanni, fiye da wa'adin da nake gudun karyawa. Ta nuna mini motsin da ya halatta tun farko: in juya kafaɗu gaba da baya, in ɗan sunkuya in bar hannun ya yi lilo, in ɗaga shi a hankali zuwa iyakar da aka yarda, sau da yawa a yini.

Ta kuma ba tsorona abin da zai kama. Alamomin da za su sa in dawo da gaggawa sanannu ne: jiri ko suma, shaƙuwar da ta ƙi tsayawa, tsokar ƙirji tana zillo tare da bugun zuciya, kumburin hannu, zazzaɓi, ko ɗinkin ya yi ja yana fitar da ruwa. Ta gargaɗe ni kada in riƙa wasa da na'urar ta saman fata, domin juya ta na iya nannaɗe wayoyin. In ba ɗaya daga cikin waɗannan, in bar jijiyar wuyana ta huta.

A kwanakin nan ne na karanta labarin Arne Larsson, mutum na farko da aka dasa wa irin wannan na'ura a cikin jiki, a birnin Stockholm a 1958. Ta farkon ta mutu bayan 'yan sa'o'i, aka sa masa wata. Ya rayu har 2001, ya ga bayan likitan da ya yi masa aikin da injiniyan da ya ƙera na'urar. Tawa da ta zo bayan shekaru sittin da ɗoriya na gyare-gyare, ba ta cancanci irin zargin da na yi mata ba.

Wa'adin ya cika, amma kafaɗar ta ƙara mini wata biyu na atisaye, bashin da ni na ciwo wa kaina. Ranar da na fara ɗaura ɗankwalina da hannuna, ɗaurin ya karkace. Autata ta miƙo hannu za ta gyara, na ce ta bar shi haka.