Tsakanin ƙaya da teku a Holyhead

Hanyar ta faro ne daga wani tsohon wurin fasa dutse a bayan garin Holyhead, arewa maso yammacin Wales. A nan aka haƙo duwatsun katangar da ke tare wa tashar jiragen ruwa igiyar teku, wadda aka kammala a 1873, tsawonta ya haura kilomita biyu da rabi. Daga nan sai hawan dutse.

Watan Agusta ne. Ko bishiya ɗaya babu, domin iskar teku ba ta barin komai ya ɗaga kai. Tsirran duk sun lafe da ƙasa, da ƙyar suke kai min gwiwa: wasu masu fure shunayya, wasu ƙayoyi masu fure ruwan ɗorawa, sun cakuɗe kamar an shimfiɗa wa dutsen atamfa. Na tsuguna na duba. Ganyen siriri ne mai tauri, furanni ƙanana birjik a kowane reshe, ƙudan zuma na ta kai da komo. Ƙasar kuwa baƙa ce, ba ta da kauri, yatsa kaɗan sai ka taɓo dutse.

Kusa da ƙololuwar dutsen, mai tsayin mita 220, na ji wani kuka mai kaifi. Tsuntsaye biyu ne dangin hankaka, baƙaƙe ƙirin, baki da ƙafafu jajaye. Suka sauka inda ciyawa ta gajarta suna tonon tsutsa. Su na fi daɗewa ina kallo, don rayuwarsu ta rataya ne ga wannan gajeriyar ciyawa. Baƙo zai ɗauka Allah ne kaɗai ke riƙe da wurin, alhali da hannun mutum a ciki. In aka daina kiwo da sassabe, sarƙaƙiya za ta cinye fili, tsuntsun ya rasa abinci. Ƙungiyar RSPB mai kare tsuntsaye ce ke kula da yankin, kuma a ganina aikin ya cancanci wahalarsa.

Sai gangara zuwa South Stack. Hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya a can tana kan wani ɗan tsibiri tun 1809, matakala kusan 400 ne kafin a kai gadarsa. Tsuntsayen teku da ke ƙyanƙyasa a jikin dutsen sun tashi tun ƙarshen Yuli, kashinsu kaɗai ya rage, fari fat. Wanda ke son ganinsu, to ya zo a Yuni.