Sanƙiran kamfani da gwaggonsa dillaliya

Wani saurayi ɗan Babban Katami, cikin gundumar Buza, ya ƙare lise a Tawa, ya yi karatun sadarwa a Yamai, sannan ya share shekara biyu yana jiran aikin gwamnati. Daga bisani wani kamfanin ƙawata ɗakuna da ke Maraɗi ya ɗauke shi. Aikinsa, kamar yadda aka rubuta da Faransanci, shi ne kyautata sunan kamfanin a idon jama'a. Da ya zo gida aka tambaye shi ma'anar wannan, ya yi ta kewaye-kewaye, har wani dattijo ya taƙaita masa: "Ashe sanƙira ka zama." Kowa ya yi dariya ban da shi.

Kamfanin ya san abin da ya hango a Adar. Akwai kuɗin albasa tun daga Galmi har fadamun Madawa, akwai ƴan ci-rani masu komowa daga Abijan da niyyar aure, kuma da an gama girbi bukukuwa kan biyo juna. Aka ba shi babur, da damin takardu masu sheƙi, da hotunan ɗakuna: bango mai fenti kala uku, rufi mai fitilu, gado da kujeru da kabad. Ya sa aka karanta sanarwa a rediyon karkara, ya watsa hotuna ta WhatsApp, ya bi alhazai rumfa-rumfa ran kasuwar Madawa. Duk wanda ya gani sai ya ce madalla. Wata biyu cur, ko matashin kai ba a saya ba.

Abin da ya sha masa kai abu ne da ya tashi yana gani, karatu ya mantar da shi. Ɗakin amarya ba na mai gida ba ne. Ango shi ke gini, ya yi yaɓe, ya kafa ƙyaure; amma abin da ke ciki, daga gado har ludayi, iyayen yarinya ke yi, kuma uwa ke tara shi tun ɗiyar tana ƙarama, da adashi da kiwon awaki. In aure ya mutu, da matar kayan ke fita. Saboda haka jere ba ado kaɗai ba ne, taska ce. A da ƙore ne da fayafai da tasoshi, daga baya kwanoni masu fenti suka hau bango har kusa da rufi, kuma ranar da gida ya ƙuntata mace kan zare ɗaya ta ba dillaliya a asirce. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da kayan waje suka yi tashin gwauron zabi, sun san cewa kwanon da ke jere ya fi takardar kuɗi riƙe mutuncinsa. To, wace uwa ce za ta zuba gumin shekara goma sha biyar a cikin fenti da fitilun rufi? Abin da aka manna a bangon miji ya zama na miji.

Nan ne ya tuna da gwaggonsa, dillaliya, wadda ta daɗe tana shiga gidajen da shi iyakarsa zaure, kuma ba a cika yin jere a unguwarsu ba ta nan. Ya je bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe ta, ya nuna mata hotuna, ya ambaci la'ada mai tsoka. Ta ce ba ta cinikin biri a sama. Da aka kawo mata ƙaramin kabad, ta ƙwanƙwasa shi, ta kankari bayansa da farce.

"Ɗana, wanga ba icce ba ne. Dussa ce aka danne aka lulluɓe."

"Gwaggo, haka ake yi yanzu ko'ina."

"Kai in sun kore ka, kana da takarda, ka nemi wasu. Ni bakina shi ne jarina. In na yi wa uwar ɗiya ƙarya sau guda, wane zaure zan sake ƙetarewa? Bari ya ga damina tukuna."

Dattijon da ya kira shi sanƙira ya faɗi rabin gaskiya. Sanƙira yana yabon wanda ya ba shi, kowa ya sani, don haka mai sauraro kan rage wani abu a zuci kafin ya yarda. Dillaliya kuwa lamuni take tsayawa, in kaya ya ɓaci ƙofarta ake bugawa. Kamfanoni da yawa suna biyan kuɗin sanƙira suna jiran amanar dillaliya. Ɗan kasuwar da ya taɓa ba da kaya bashi a kan kalmar mutum guda ya san bambancin.

Jihar Tawa ma tana da misalin sunan da ya yi nisa ba da takarda mai sheƙi ba. A 1962 Falke Barmu, manomi kuma magini, ya soma gina masallacin Juma'a na Yama da ƙasa, mutanen gari suna kawo ruwa da tubali. Sai a 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan, hotunansa suka zaga duniya. Masu hoto sun tarar da gini wanda ya riga ya ga damina fiye da ashirin.

Saurayin ya koma Maraɗi da wani abu kuma yana cin ransa. A shagon kamfanin ya ga tabarmar kaba irin ta Madawa an rataye ta a bango, an ɗora mata kuɗi ninkin-ba-ninkin, ana sayar wa manyan ma'aikatan Yamai, alhali shi an aike shi ya tallata shimfiɗar leda ga matan da ke saƙa ta. Ya rubuta rahoto: a bar zancen rufi da fenti a karkara, a kawo abin da mace za ta iya ɗauka ta tafi da shi, a riƙa faɗin garin da tabarma ta fito, a ƙara wa masaƙanta, a bar kabad ɗaya a ɗakin gwaggo har kaka. Mai kamfanin ya tuna masa cewa magana aka ɗauke shi yi, ba gyaran kaya ba. Shawara ta uku kaɗai ya karɓa, don ita ce ba ta cin kuɗi.

Kabad ɗin yana can a ɗakin tsohuwar, ta ɗora shi a kan duwatsu huɗu saboda gara. Mata kan shigo gaisuwa, su latsa shi, su buɗe su rufe. Cikin watan Agusta, da ruwa ya zauna, ƙofarsa ta hagu ta soma ƙin rufuwa. Gwaggo ba ta ce wa kowa uffan ba, matan kuma sun lura ba ta ce ba. Kwangilar saurayin za ta ƙare a watan Oktoba, daidai lokacin da iyaye mata ke fara kiran dillaliya, kuma har yanzu bai rubuta rahoton wannan wata ba.